Sarewa ɗaya, makaɗa da yawa

Karatu na 1: Sarewar makiyayi

Yara, wane ne cikinku bai taɓa jin busar sarewa ba?

Idan damina ta sauka, ciyawa ta rufe tuddan rairayi na ƙasar Gure, makiyaya suna kai dabbobi daji. Shanu suna kiwo, awaki suna kiwo. Makiyayi ya sami inuwa ya zauna. Ya zaro sarewarsa, ya kai baki, ya fara busa. Muryar tana tafiya nesa. Mai noma yana jin ta daga gonarsa. Mai ɗiban ruwa yana jin ta daga bakin rijiya.

Sarewa ba ta da wuyar sha'ani. Ana yin ta da kara ko da gora. Wasu suna yin ta da bututun ƙarfe ko na roba. Cikinta fayau yake, babu kome sai iska. A jikinta akwai huji, galibi guda huɗu. Mai busa yana karkata ta kaɗan, ya hura iska bisa gefen bakinta.

To, daga ina muryar take fitowa? Idan iskar bakin mutum ta bugi gefen bakin sarewa, sai iskar da ke cikinta ta kama rawa. Wannan rawar iska ita ce kunnenmu yake ji. Idan mai busa ya toshe dukan hujin da yatsunsa, iskar da ke rawa tana da tsawo, sai murya ta fito da kauri. Idan ya ɗaga yatsa, iskar ta gajarta, sai murya ta ƙara siranta. Idan ya hura da ƙarfi, murya ta ƙara hawa sama. Da yatsu da numfashi kaɗai makiyayi yake tsara waƙarsa.

Makiyayi shi kaɗai yake busa. Ba mai kaɗa masa ganga, ba mai yi masa amshi, sai fa tsuntsaye.

Amma ku tuna da ranar salla a Damagaram, lokacin da sarki ya hau. Can kuma abin dabam ne. Mai algaita yana tafe, kumatunsa sun kumbura. Masu ganga suna kewaye da shi. Shi ya busa, su su amsa. Algaita ba sarewa ba ce: a bakinta akwai ɗan kara mai leɓe biyu, shi ne yake rawa ya ba ta wannan murya mai ƙarfi wadda ke keta ƙarar ganguna. Sarewa kuwa muryarta tana da laushi. Ganga biyu ma sun isa su danne ta.

Ga tambayar da za mu bi cikin wannan darasi. Yaya za a yi sarewa guda ɗaya ta tsaya gaban makaɗa goma ko ashirin, su yi kiɗa tare, kuma a ji muryarta sarai? Shekara wajen 300 da suka wuce, wani malamin makaranta a ƙasar Italiya ya nuna yadda ake yi.

Karatu na 2: Mai bayarwa da ƴan amshi

Kafin mu tafi Italiya, bari mu tsaya dandali.

Da dare, idan farin wata ya fito, ƴan mata suna taruwa su yi gaɗa. Ɗaya tana ba da waƙa, sauran suna tafi suna amsawa. Mai bayarwa tana sake magana kowane lokaci. Yanzu ta yi yabo, an jima ta yi zambo, an jima ta yi ba'a. Amshi kuwa guda ne. Ya tafi, ya dawo, ya tafi, ya dawo. Lokacin da mai bayarwa take magana, ƴan amshi suna sassauta murya don a ji ta. Lokacin da suke amshi, ita kuma tana hutawa, tana shirya abin da za ta faɗa gaba.

Wanda ya gane wannan ya gane rabin darasinmu.

A ƙasashen Turai akwai wani irin kiɗa da ake kira konsarto. Kalmar ta fito daga harshen Italiya. Tana nufin haɗuwa da jituwa, kuma akwai ma'anar gasa a cikinta. A konsarto ba a rera waƙa da baki. Kayan kiɗa ne suke magana. Makaɗi ɗaya yana tsayawa gaba, shi ne mai bayarwa. Bayansa akwai taron makaɗa, su ne ƴan amshi. Wannan taro shi ne ake ce wa orkes.

Taro ne yake buɗe kiɗan da wani kari mai sauƙin riƙewa. Sa'an nan ya yi ƙasa-ƙasa, mai bayarwa ya shigo, ya nuna gwanintarsa. Da ya kai aya, sai taro ya dawo da karinsa na farko, dukansa ko guntunsa. Mai bayarwa ya sake shigowa da sabon zance. Haka za su yi ta yi har ƙarshe. Mutanen Italiya suna kiran wannan kari mai dawowa ritornello, wato «ɗan dawowa». Mu kuwa amshi muke ce masa.

Konsarto ya bunƙasa cikin wani zamani da Turawa suke kira Barok. Zamanin ya fara wajen shekara ta 1600, ya ƙare wajen 1750. A lokacin nan Mai na Barno yana zaune a Birnin Gazargamu. Cikin ƙarshen zamanin ne, a shekarun 1730, aka kafa sarautar Damagaram.

Waɗanne kayan kiɗa ne cikin orkes na zamanin Barok? Mafi yawansu dangin goge ne. Gogenmu tsirkiya ɗaya gare shi. Na Turawa huɗu gare shi, sunansa biyolon. Ana goga shi da baka mai izgar doki, kamar namu. Akwai ƙanana masu siririyar murya, akwai manya masu kauri, waɗanda sai an kafa su ƙasa. Akwai kuma kilabsan. Shi wani akwati ne mai tsirkiyu da yawa a ciki. Idan aka danna maɓalli da yatsa, sai wani ɗan tsinke ya taɓa tsirkiya, kamar yadda mai gurmi yake taɓa tasa. Babban goge da kilabsan su ne suke riƙe da gindin kiɗa, kamar yadda turaku suke riƙe da rumfa.

Karatu na 3: Malamin marayu

A arewacin Italiya akwai wani birni a bakin teku, sunansa Benis. An gina shi bisa tsibirai fiye da 100. Manyan hanyoyinsa ruwa ne. Inda mu muke hawan jaki ko amalanke, su jirgin ruwa suke shiga.

A wannan birni aka haifi Antonio Vivaldi, ranar 4 ga watan Maris 1678. Tun da babu harafin V cikin Hausa, muna iya cewa Bibaldi. Ubansa wanzami ne da farko, daga baya ya zama makaɗin biyolon a babban cocin birnin. Wurinsa yaron ya fara koyo. Vivaldi ya yi karatun addinin Kirista, ya zama limamin coci a shekara ta 1703. Gashin kansa ja ne, don haka mutanen gari suka laƙaba masa «Jan Limami». Tun yana ƙarami yana fama da ciwon ƙirji mai toshe numfashi. Bai daɗe yana jan ibada ba ya bari, ya ba da ƙarfinsa ga kiɗa.

A Benis akwai wani gidan marayu mai suna Pietà, wanda aka kafa tun 1346. A jikin bangonsa akwai wata ƴar taga. Uwar da ta rasa yadda za ta yi da jaririnta takan zo ta ajiye shi nan, ta tafi. Gidan ya ɗauka, ya raina. Yara maza ana koya musu sana'a, su fita. Cikin ƴaƴa mata kuwa, waɗanda aka ga suna da kunne ana koya musu waƙa da kiɗa.

A shekara ta 1703 gidan ya ɗauki Vivaldi ya zama malamin biyolon. Shekarunsa 25 a lokacin. Ya yi aiki da gidan, yana fita yana dawowa, har 1740. Yana koyarwa, kuma yana tsara wa ɗalibansa sababbin kiɗe-kiɗe. A 1723 hukumar gidan ta yi yarjejeniya da shi: zai riƙa ba su konsarto biyu kowane wata, ko yana gari ko ba ya nan. Cikin rayuwarsa ya tsara konsarto wajen 500.

Ƴan matan nan sun gwanance ƙwarai. Baƙi suna zuwa daga Faransa da Ingila da Jamus don su saurare su. Suna yin kiɗa daga bene, a bayan wata raga ta ƙarfe, ana jin su amma ba a ganin fuskarsu sosai. Ɗaya daga cikinsu, Anna Mariya, ta shahara da biyolon har Vivaldi ya tsara mata konsarto fiye da 20, nata na kanta. Daga baya ita ma ta zama malama a gidan.

Ku duba, yara. Waɗannan ba ƴaƴan sarki ba ne, ba ƴaƴan attajirai ba ne. Yara ne da ba su san iyayensu ba. Suka sami malami, suka dage da koyo, har sunansu ya kai inda ƙafarsu ba ta kai ba.

Karatu na 4: Sarewar Turawa

Sarewar da aka tsara wa konsarto a zamanin nan ta itace ce. Ana sassaƙa ta gaɓa uku ko huɗu, a harhaɗa su. An toshe kanta na sama, an huda bakin busawa a gefe. Saboda haka a gicciye ake riƙe ta, ta nufi hannun dama. Tana da huji shida na yatsu. Akwai huji na bakwai can ƙasa, inda yatsa ba ya kaiwa. Shi an yi masa ɗan murfi na ƙarfe, wanda ƙaramin yatsa yake dannawa ya buɗe.

Masassaƙan Faransa ne suka gyara ta ta zama haka, cikin ƙarni na 17. Wani mabushi na fadar sarkin Faransa, Jacques Hotteterre, ya buga littafin koyon busa ta a 1707. Daga nan ta bazu. Attajirai da ƴaƴan sarakuna suka shiga koyo. Har wani sarki na ƙasar Jamus, Firedirik na Biyu, wanda ya yi mulkin Furusiya daga 1740 zuwa 1786, ya zama mabushi. Malaminsa, Quantz, ya tsara konsarto na sarewa wajen 300. A fadojinmu mabusa ne suke yi wa sarki busa. A wannan fada kuwa sarki ne yake busa, makaɗa suna yi masa amshi.

Sarewar ƙarfe mai walƙiya, mai murafu da yawa, wadda ake gani yau a hannun makaɗan soja, daga baya ta zo. Wani Bajamushe mai suna Boehm ya ƙera ta a 1847. Ta fi ta itace ƙara. Amma duka ukun, da ta makiyayi da ta itace da ta ƙarfe, hanyarsu ɗaya ce: iska ta bugi gefen baki, iskar ciki ta yi rawa, yatsu su tsawaita ta ko su gajarta ta.

Da masu busa suka yi yawa, sai suka bukaci abin da za su busa. Wajen shekara ta 1728 wani mai buga littattafai a birnin Amstadam, a ƙasar Holan, ya fitar da konsarto shida na Vivaldi, duka na sarewa da orkes. Littafin yana cikin na farko irinsa da aka buga a duniya. Uku daga cikin shidan suna da suna. Na ɗaya «Hadarin teku». Na biyu «Dare». Na uku Il Gardellino, sunan wani tsuntsu. Shi za mu saurara.

Karatu na 5: Mu saurari tsuntsu

Gardellino ɗan ƙaramin tsuntsu ne na ƙasashen Turai. Fuskarsa ja ce, a fiffikensa akwai ratsin rawaya. Babu shi a ƙasarmu, amma danginsa yana nan: kanari, wanda ake sawa a keji saboda daɗin kukansa. Kuna iya kiran wannan kiɗa «Konsarton kanari», ba ku yi nisa da gaskiya ba.

Tsawonsa kusan minti 10 ne. An raba shi kashi uku: mai sauri, mai sanyi, mai sauri. Galibin konsarton Vivaldi haka suke. Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. To, ku ma sai ku sake kunne a kowane kashi.

Kashi na ɗaya. Gogaye duka suna buɗewa da ƙarfi, da murya ɗaya, kamar ƴan aji suna gaida baƙo. Wannan shi ne amshi. Ku riƙe shi da kyau, don zai dawo. Ba a jima ba sai kowa ya yi tsit. Sarewa ta rage ita kaɗai. Ta yi tsalle daga ƙasa zuwa sama. Ta maimaita. Ta karkaɗa murya, ta tsaya, ta sake. Wanda ya rufe ido sai ya ce tsuntsu ne bisa reshe da sassafe. Wannan karkaɗawa da yatsa ake yin ta: mai busa yana buɗe huji yana rufewa da sauri ƙwarai. Sa'an nan amshi ya dawo.

Kashi na biyu. A nan Vivaldi ya rubuta kalma ɗaya a saman takarda: cantabile, wato «kamar ana rera waƙa». Ƙananan gogaye duka sun huta. Babban goge da kilabsan kaɗai suke tafe a hankali ƙarƙashin sarewa. Ita kuwa tana jan waƙa mai sanyi, mai lilo, kamar ta uwa mai lallashin goyo. Wannan kashi shi ya fi kama da busar makiyayinmu.

Kashi na uku. Sauri ya dawo. Sarewa ta yi kira, biyolon ya amsa. Ta gudu, ya bi ta. Kamar tsuntsaye biyu suna kore-kore cikin itace. A ƙarshe taro duka ya haɗu, ya rufe da amshi.

Yanzu mu koma ga tambayarmu ta farko. Yaya aka yi taro bai danne sarewa ba? Dabara uku ce.

Ta ɗaya, karɓa-karɓa. Lokacin da taro yake da ƙarfi, sarewa ba ta ja da shi. Lokacin da ita take magana, taro ya ragu, wani lokaci ya yi shiru ɗungum.

Ta biyu, kowa da wurinsa. Sarewa tana sama, da siririyar murya. Manyan gogaye suna ƙasa, da kauri. Ba wanda ya shiga gonar wani.

Ta uku, saurare. Kowane makaɗi yana kaɗawa da hannu, yana saurare da kunne. Mai sarewa dole ya tsaya ya ja numfashi. Sauran sun san da haka, suna ba shi sarari. Ku tuna, wanda ya tsara kiɗan mutum ne mai ciwon ƙirji. Ya san darajar numfashi.

Idan aka cire taro, sarewa za ta yi daɗi, amma ba mai amsa mata. Idan aka cire sarewa, amshi zai yi ta dawowa ba abin da yake amsawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Karatu na 6: Kiɗan da ya ɓace, ya dawo

A ƙarshen rayuwar Vivaldi mutanen Benis suka juya wa kiɗansa baya. Sabon yayi ya shigo. Ya bar garinsu ya tafi Biyana, babban birnin Ostiriya, neman aiki. Can ya rasu cikin talauci, a watan Yuli 1741. Sannu a hankali aka manta da shi. Shekara fiye da 150 da wuya ka ji ana kaɗa kiɗansa.

To, yaya aka yi ya iso kunnenmu? A zamaninsa babu radiyo, babu kaset, babu wayar hannu. Amma akwai takarda da tawada. Turawa suna da hanyar rubuta kiɗa. Ana ja layi biyar, a ɗiga ɗigo bisa layukan da tsakaninsu. Ɗigon da ke sama murya ce siririya, wanda ke ƙasa mai kauri. Siffar ɗigon tana nuna tsawon lokacin da za a riƙe muryar. Wannan hawa da sauka ba baƙon abu ba ne gare mu. Ku faɗi «kuka» ta itace, ku faɗi «kuka» na hawaye. Harufan ɗaya ne, amma a ta farko murya tana sauka a ƙarshe. Irin wannan hawa da sauka ne rubutun kiɗa yake kamawa.

A 1926 wata makaranta a arewacin Italiya ta so ta sayar da tsofaffin littattafanta don ta gyara gininta. Da masana suka duba, sai ga tarin takardun Vivaldi, da rubutun hannunsa. Aka bi sawu, aka gano sauran a wani gida, aka saye su a 1930. Yau suna ajiye a babban ɗakin littattafai na birnin Turin. Makaɗa suka buɗe, suka karanta, suka kaɗa. Kiɗan ya tashi kamar jiya aka tsara shi. Har a 2010 an sake gano wani konsarto nasa na sarewa, cikin tsofaffin takardun wani gidan sarauta, a ƙasar Sikotilan.

Mu fa? Busar makiyayanmu ba a takarda take ba. Tana cikin ƙirjin mutane da yatsunsu. Idan tsoho ya rasu bai koya wa kowa ba, ya tafi da abinsa. Ba ɗakin littattafan da za a je a tono shi.

Ga misali kusa da mu. Malam Mamman Barka an haife shi a Taskar, arewa da Gure. Malamin lakwal ne, kuma makaɗin gurmi. Ya sami labarin wani abin kiɗa na Buduma, mutanen tafkin Cadi, mai suna biram. Siffarsa kamar jirgin ruwa, tsirkiyarsa biyar. Mutum ɗaya ne ya rage wanda ya iya shi sosai, wani tsoho mai suna Bukar Tar. A 2002 Malam Barka ya tafi wurinsa, ya zauna, ya koya. Bayan tsohon ya rasu, shi ya ɗauki biram ya zaga duniya da shi, aka ɗauki kiɗansa a faifai. Ya rasu a 2018. Da bai je ba, da wannan kiɗa ya bi tsohon kabari.

Sarewa ma ta sami mai fitar da ita. Yakuba Mumuni, wanda ake kira Denke-Denke, mabushin sarewa ne kuma mawaƙi. A 1995 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Mamar Kasai a Yamai. Suka haɗa sarewar makiyaya da molo da kalangu da ƙwarya da gita. Ku saurare su idan aka sa su a radiyo. Sarewa ta yi magana, sauran su amsa. Su ba ta sarari, ta ba su. Abin da muka ji a Benis shi ne muke ji a Yamai.

Kiɗa yana rayuwa ne idan ya sami mai amsawa. Ƴan matan Pietà sun amsa wa malaminsu. Malam Barka ya amsa wa Bukar Tar. A ƙauyenku ko a unguwarku wataƙila akwai wani tsoho mai sarewa a rataye, ta yi ƙura. Ku je ku gaishe shi. Ku ce: «Baba, a busa mana mu ji.» In ya busa, ku saurara da kyau. In ya yarda, ku koya.

Sababbin kalmomi

sarewa: da Faransanci la flûte
konsarto: kiɗan makaɗi ɗaya da taron makaɗa, le concerto
orkes: taron makaɗa, l'orchestre
mai bayarwa: wanda yake gaba shi kaɗai, le soliste
amshi: karin da yake dawowa, le refrain
biyolon: goge mai tsirkiya huɗu, le violon
kilabsan: akwatin tsirkiyu mai maɓallai, le clavecin
tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye, l'île

Tambayoyi

1. Me yake rawa cikin sarewa har murya ta fito?
2. Mece ce bambancin sarewa da algaita?
3. A wasan gaɗa, mene ne aikin mai bayarwa? Mene ne aikin ƴan amshi?
4. Su wane ne ɗaliban Vivaldi? A wane birni suke?
5. Kashi nawa ne cikin konsarton tsuntsu? Yaya tafiyar kowane kashi take?
6. Ku faɗi dabaru uku da suka hana taro danne sarewa.
7. Don me kiɗan Vivaldi bai ɓace ba har abada?
8. Me Malam Mamman Barka ya je yi wurin Bukar Tar?

Lissafi

1. An haifi Vivaldi a 1678, ya rasu a 1741. Shekara nawa ya yi a duniya?
2. Daga rasuwarsa zuwa 1926 shekara nawa ke nan?
3. Idan yana ba da konsarto 2 kowane wata, nawa zai bayar cikin shekara 5?

Aiki

1. Ku samo kwalabe uku iri ɗaya. Ku bar ta farko ba kome. Ku zuba ruwa rabi cikin ta biyu. Ku kusa cika ta uku. Ku hura iska bisa bakin kowace. Wace ce ta fi kauri? Wace ce ta fi siranta? Ku rubuta dalili cikin kayenku.

2. Ku yi konsarto cikin aji. Ɗaya ya fito gaba, ya yi fito da baki ko ya busa sarewa. Sauran ku zaɓi tafi guda mai sauƙi, shi ne amshinku. Ku fara da amshi. Ku yi shiru, na gaba ya yi nasa. Ku dawo da amshi. Ku yi haka sau uku, sa'an nan wani ya karɓe shi. Ku lura: idan ba ku saurari juna ba, me yake faruwa?

3. Ku nemi mai busa sarewa ko algaita a garinku. Ku tambaye shi da ladabi: Wurin wa ya koya? Da me aka yi abin busarsa? Huji nawa gare shi? Mene ne sunan kowace busa, kuma yaushe ake yin ta? Akwai wanda yake koyo wurinsa yanzu? Ku rubuta amsoshin da Hausa, ku kawo aji. Za mu haɗa su wuri ɗaya, su zama littafin ajinmu.